Matar da Ba Ta Barin Sawu

Ni na sa mata suna Ba-Sawu, kuma da farko tsokana ce. Mu biyu ne muke sharar wani ofis mai hawa uku. Muna shiga tun kafin ma'aikata su zo, mu tattara kayanmu kafin su gama ajiye jakunkunansu. Na riga ta daɗewa a wurin, gwiwoyina ma shaida ne. Ranar da aka kawo ta na miƙa mata bokiti da mopa na ce ta goge hawa na biyu, sannan na bi bayanta in nemo abin da zan yi faɗa a kai, don ni ba na rasa abin faɗa. Sai na tarar ta fara daga can ƙuryar ɗaki, tana gogewa tana ja da baya, har ta fito bakin ƙofa. Nan ta tsaya a kan tsumma, ta sunkuya ta goge inda ƙafarta ta taka na ƙarshe. In ta ɗaga kujera, sai ta mayar da ƙafafunta daidai inda ta same su. Kofin shayin da wani ya bari a tebur kuwa, za ta wanke shi ta mayar, mariƙinsa yana kallon inda yake kallo jiya.

Na ce mata ke kuwa mutum ce ko aljana? Ta yi dariya ta ce ita haka aka koya mata, in ma'aikaci ya shigo ya gane an taɓa masa wuri to aikin bai yi ba. Ni ban yarda da wannan karatun ba. In na goge wuri ina so a san na goge, har kwandon shara nake turowa tsakiyar hanya da gangan. Amma muka shaƙu. Tana ce mini Yaya, ina zaginta tana dariya, a haka muka yi shekaru.

Gidanta ma haka yake. Ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida da banɗaki, amma in ka shiga sai kunya ta hana ka sanin inda za ka ajiye takalminka. Mijinta direban bas ne. Hanyarsa ta bi ta gaban ofis ɗinmu, ta wuce har ƙofar babban asibiti, a nan yake juyowa. Yana fita gari bai waye ba, ya dawo bayan faɗuwar rana. Mutum ne mai fara'a, kada wani ya ji labarin nan ya ce na ce mugu ne. Yakan yi alfahari a tasha cewa tun da ya yi aure bai taɓa ganin kwano mara wanki a ɗakinsa ba. Gaskiya ya faɗa, bai taɓa gani ba, kuma bai taɓa tambayar yaushe ake wankewa ba.

Sun daɗe ba haihuwa, har dangi suka gaji da tambaya. Da Allah ya kawo, sai ga namiji. Direba ya ɗaga shi sama ya ce to, ya samu kwandasta, yanzu sai a ga mai cin kuɗin motarsa. Sunan ya bi yaron har yau.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Duk wadda ta taɓa haihuwa ta san kashin farko na jariri, baƙin nan mai danƙo da ke fitowa a ranar farko. Na Kwandasta bai fito ba. Aka ce a jira, wasu sukan yi jinkiri. Washegari ma shiru. Cikinsa ya tashi ya ɗaure yana ƙyalli, ya ƙi nono, sai ga amai kore. Ina tsaye lokacin da wata nas ta zura masa siririn tiyon roba ta dubura. Iska da kashi suka fito da ƙarfi har suka ɓata mata riga, cikin ya sauka muna kallo, yaron ya kama nono. Na ce alhamdulillahi, an wuce wurin. Nas ɗin ta dube ni ta ce tukuna dai, Mama.

Aka yi masa hoto, daga baya aka gutsuro ɗan mitsitsin nama daga cikin duburarsa aka kai awo. Likitar da ta yi mana bayani wata gajeruwar mace ce mai gilashi, ba ta da yawan dariya amma tambaya ba ta ƙosar da ita. Ta ce hanjin mutum yana da nasa jijiyoyin, su ne ke sa shi ya matsa ya saki yana tura kashi gaba. Shi yaron nan, guntun hanjinsa na ƙarshe an halicce shi babu waɗannan jijiyoyin. Ba wani abu ne ya toshe shi ba, kawai a damƙe yake ba ya motsi, sai komai ya taru a samansa. Ba laifin uwa ba ne, ba abin da ta ci ba ne. Maganinsa tiyata: a yanke guntun da ba ya aiki, a jawo mai lafiyar ƙasa a ɗinke. Ta ce yara da yawa ana yi musu suna girma lafiya. Kafin ya ƙara ƙwari, uwar za ta riƙa wanke masa hanji a gida safe da yamma. Ta ɗaga yatsa ta ce mu ji da kyau, wankin nan ba magani ba ne, jira ne kawai.

Direba yana wurin. Tun da aka ambaci tiyata ya miƙe ya fita, bai ji sauran ba. Ni na san dalili. Yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, da aka ce za a yi masa ƙaramin aiki a mara. Shi ya ɗauko shi a bas ɗinsa, suna ta raha, ya sauke shi a ƙofar asibiti ya ce zai zagayo ya ɗauke shi. Da ya zagayo, a rufe da mayafi ya same shi. Tun daga ranar in aka ce tiyata a gabansa sai ya daina cin abinci.

Ba-Sawu ta koyi wankin a kwana kaɗan, har nas-nas suna kiran sababbin iyaye su kalli hannunta. Za ta shimfiɗa leda, ta ɗumama ruwan gishirin da aka nuna mata, ta shafa wa tiyon mai, ta zura shi a hankali. Sai ta tura ruwa da sirinji kaɗan-kaɗan, ta cire sirinjin ta bar ruwan ya dawo cikin baho, tana murza cikin da tafin hannu tana yi masa waƙa. Haka za ta yi ta maimaitawa har ruwan ya fito fes. Warin ba a magana. Ni da na yi shekaru ina wanke banɗakin mutane, ranar farko sai da na fita tsakar gida.

To a nan halinta ya shigo. Wankin safe takan yi shi bayan Direba ya fita, kafin ta goyo yaron mu haɗu a ofis. Na yamma takan yi shi da sauran rana. Kafin ya dawo an wanke leda, an wanke baho an kife, an wanke zannuwa sun bushe an ninke, taga ta sha iska. Tiyo da sirinji suna cikin wani gwangwani mai murfi a ƙarƙashin gado. Shi abin da yake tararwa kullum shi ne ɗaki mai ƙamshi da yaro mai kumatu, cikinsa a kwance, yana wutsil-wutsil da ƙafa. Ya san dai tana yi masa wani abu da tiyo. A ransa bai wuce kamar goge wa yaro hanci ba.

Da lokacin tiyata ya zo ya ce a ɗan ƙara jira. Aka sake sa rana, ya ce yaron bai yi ƙwari ba. Ta zaunar da shi ta faɗa masa komai, yadda cikin yake tashi in an makara, da abin da likita ta ce. Ya saurare ta tsaf, sannan ya ɗaga yaron a gabanta yana yi masa wasa.

"Ki dube shi," in ji shi. "Wannan ne za a yanka? Abin da kike masa yana yi, ki ci gaba."

Ta ce ba zai daɗe yana yi ba. Nan fuskarsa ta canza, ya faɗi maganar da ta ɗaure ta: in ta kai masa ɗa aka sa masa wuƙa ba da saninsa ba, bai yafe ba.

Da ta ba ni labari raina ya ɓaci, na tare shi a tasha ban damu da mutane ba. Na ce masa kai direba ne ko makaho? Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya rusuna ya gaishe ni, ya ce Yaya, ki zo gida ki ga yaron da idonki. Ya ce ƙanensa ma lafiyarsa ƙalau yana dariya aka shiga da shi. Ya ce shi ba zai kai mai lafiya a dawo masa da gawa sau biyu ba. Idonsa ya kawo ruwa, ni kuma na juya na tafi ina masifa ni kaɗai a hanya.

Likita ta ce wa Ba-Sawu in ta ga dama amincewarta ita kaɗai ta isa, ai uwa ce. Na ce to me kike jira? Ta ce Yaya, in aka shiga da shi bai fito ba, da wane ido zan kalli ubansa? In kuma ban kai shi ba ya mutu a hannuna, da wane ido zan kalli kaina? Ta rasa gaba ta rasa baya. Abin da ya rage mata shi ne ta ƙara ƙwarewa a wankin, kuma duk ƙwarewar da ta ƙara sai Direba ya ƙara yarda cewa ɗansa ya warke.

Da Kwandasta ya fara cin abinci sai al'amari ya juya. Abin da ke ciki ya yi kauri, tiyon ya riƙa toshewa. Wankin da take gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa, yanzu sai ya cinye mata safiya. Ta fara makara a aiki, ni nake rufa mata. Yaron ya yi wayo, da ya ji ƙarar murfin gwangwanin sai ya fara kuka yana maƙale ƙafafu. Ta rame, idanunta suka faɗa. A siton da muke ajiye bokitai take shimfiɗa masa tabarma, tana gama ɗaki ɗaya ta rugo ta ɗaga rigarsa ta taɓa cikin. Likita ta riga ta gaya mata alamun da in ta gani ta ruga asibiti ko takalmi babu: zazzaɓi, kumburi, da zawo mai mugun wari. Ta ce wannan kumburin hanji ne, kuma yana kashe yaro cikin yini guda. Maganar nan ba ta bar kan Ba-Sawu ba ko tana cin abinci.

Wata rana muna wanke mopa ta ce ta yanke shawara. Direba yana hutawa rana ɗaya a mako. Za ta tsallake wankin yamma da na safe, cikin ya tashi a gabansa, ya gani da idonsa tunda kunnensa ya ƙi ji. Ta roƙe ni in zo in zauna da ita, don ita kaɗai ba za ta iya ba. Ban ce mata ta yi ba, ban ce kada ta yi ba. Tsoro ne ya kama ni, amma na je.

Da hantsi cikin ya fara tashi, yaron yana ta ƙananan koke-koke. Direba ya ɗauke shi yana jijjigawa ya ce haƙora ne. Ta ce ya ɗaga rigar ya duba. Ya ɗaga, ya ce ai ƙoshi ne, kwandastansa ya cika ci. Sai ga kira daga bakanike a kan birkin motar, ya ce yanzu zai dawo, ya fita.

Yana fita kukan ya canza. Yaron ya riƙa naɗe ƙafafu yana miƙewa, fuskarsa ta yi ja, ya kafe uwarsa da ido yana miƙo hannu. Ita tana tsaye ta riƙe ƙyauren ƙofa da hannu biyu kamar za a ƙwace mata shi. Muka kasa kunne ko za mu ji tafiyarsa, shiru. Ni mai baki, na kasa ce mata ta daure. Can ta saki ƙofar ta durƙusa ta jawo gwangwanin.

"Ba zan iya ba, Yaya," ta ce. "Wallahi ba zan iya ba."

Na riƙe mata ƙafafunsa ta yi wankin tana kuka yana kuka. Abin da ya fito ranar ya kusa cika bahon. Na ce to ko ba komai ki bar bahon nan a tsakar ɗaki ya zo ya gani. Ta ce to. Na ɗauki yaron ina lallashi har barci ya ɗauke shi a kafaɗata. Da na juyo, bahon yana can a kife a tsakar gida yana ɗigar ruwa, leda tana kan igiya, ita kuma tana bakin ƙofa da tsumma a hannu. Na ce ke me kika yi haka? Ta dubi tsumman, ta dube ni. Ta rantse ba ta san lokacin da ta yi ba.

Direba ya shigo ya tarar da yaro yana barci, ciki a kwance, ɗaki fes. Ya yi murmushi ya ce ba ya faɗa ba, haƙora ne. Ranar nan da ƙyar na kai kaina gida don baƙin ciki.

Ba a yi wata guda ba abin da ake tsoro ya zo. Da safen nan ta iso ofis fuskarta ba daɗi, ta ce ruwan da ta tura rabinsa bai dawo ba, kuma jikin yaron da ɗumi. Na ce ta wuce asibiti, ta ce bari ta gama hawa na biyu kawai. Ba ta gama ba. Ina ƙasa na ji ta ƙwala mini kira, ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Na hau da gwiwoyin nan nawa ban san yadda aka yi ba. Kwandasta yana kwance a tabarma sharaf, jikinsa zafi rau, idanunsa sun yi ciki, cikin ya ɗaure ya fi na ranar haihuwarsa. Zawo ya ɓalle masa kamar ruwan kwata, da ɗigon jini, ya jiƙa tabarmar ya malalo har bakin baranda. Warin daban yake da wanda muka saba. Ma'aikata sun fara shigowa, ana jin takalmansu a matakala. Ni da kaina na kai hannu ga mopa.

"Bar shi," ta ce.

Ta sunkuci yaron yadda yake, ba ta canza masa komai ba, ta naɗe shi a zanenta. Ta taka cikin abin ta bi baranda ta sauka. Na bi ta a baya ina kallon sawunta ɗaya bayan ɗaya a kan tayil ɗin da ta riga ta goge. Shekarun nan duka, ranar na fara ganin girman ƙafarta a ƙasa.

A bakin titi motoci suna tsayawa, ta ƙi shiga. Na ja hannunta, na zage ta, na ce yaro zai mutu kina zaɓen mota? Ta ce lokacin wucewar bas ɗin Direba ya yi, yanzu zai ɓullo, kuma ko ta kai yaron ita sai ta nemi bakin uban, ba za ta sake tsayawa tana bayani ba. Jiran bai yi tsawo ba, amma ni na tsufa a wurin. Har yau ban san ko daidai ta yi ba.

Bas ɗin ya iso cike maƙil. Ta shiga ta ƙofar gaba, ni ina biye. Mutane suka toshe hanci, wata mai jaka ta fara mita. Direba ya juyo da murmushinsa zai yi mata tsiya ta bar aiki, ita kuwa ta kwance zanen ta ɗora masa yaron a cinya, tsakaninsa da sitiyari.

"Ga kwandastanka," ta ce. "Yau ban goge komai ba."

Ya ɗora tafin hannunsa a kan cikin. Na ga murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san yadda zai sauke shi ba. Ya kira yaron, yaron bai buɗe ido ba. Zawon ya jiƙa masa wando yana bin ƙafarsa. Ya miƙa mata shi, ya ja motar. Bai sake tsayawa ko'ina ba. Masu son sauka suna ta buga jikin motar, har wani dattijo ya daka musu tsawa ya ce ba ku da ido ne? Ya tsaya a daidai ƙofar da ya sauke ƙanensa, ya bar motar a kunne da mutane a ciki, ya karɓi ɗansa ya ruga.

Aka sa masa ƙarin ruwa, aka zura tiyo ta hanci da ta ƙasa, aka yi ta allurai. Likita mai gilashi ta fito ba ta yi wa kowa faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin daɗi. Ta ce hanjin ya kumbura, cuta ta shige shi. Aikin da aka so a yi sau ɗaya a gama yanzu ba zai yiwu ba. In ya ɗan farfaɗo za a fara huda masa ciki a fito da bakin hanji ta gefe, kashi ya riƙa fita ta nan cikin jaka har hanjin ya huta. Ta ce ba za ta yi alkawarin komai ba. Sannan ta dubi Direba. Bakinsa ya motsa ba a ji komai ba, sai da ya sake.

"Ku yi," ya ce.

Ranar da aka shiga da shi muna zaune mu uku a benci. Direba bai koma gida ba tun zuwansu, wandon nan ne a jikinsa, ya bushe ya yi tabo. Can ya tambaye ta sau nawa take yi wa yaron wankin. Ta ce safe da yamma. Ya ce tun yaushe? Ta ce tun da suka dawo da shi gida.

"Ni ina ina?"

"Kana kan hanya."

Ya sa fuskarsa a tafin hannunsa. Na so in ce masa ai an faɗa maka, maganar har ta zo bakina na haɗiye ta.

Yaron ya fito da rai. Ya yi watanni da jaka a gefen cikinsa, kuma wannan ba abin ɓoyewa ba ne, Direba da kansa ya koyi canza ta, yana yi yana ɓata ko'ina. Da aka zo babban aikin, guntun da aka yanke ya fi yadda aka zata tsawo, don na samansa ma ya buɗe ya gaji. Aka jawo mai lafiyar aka ɗinke, daga baya aka rufe hujin. Fatar ɗuwawunsa da ba ta taɓa sanin kashi ba ta saluɓe, ya yi makonni ba ya iya zama. Duk suka wuce wannan.

Yanzu ya fara makaranta. Ɗan ƙarami ne a cikin sa'o'insa, ga surutu irin na uban. Amma ba kullum yake jin zuwan bayan gida ba, sai dai ya ga ya ɓata wando. Likita ta ce da yawa suna daidaita in sun girma, wasu kuma suna daɗewa da shi. Ta kuma ce kumburin nan yana iya dawowa ko bayan tiyata, saboda haka duk abin da ya fito daga cikin yaron nan sai uwarsa ta gan shi, launinsa da warinsa da yawansa. Ranar da ya canza ba a gani ba, ita ce ranar haɗari.

A watan da ya wuce Ba-Sawu ta zo aiki idanunta jajir. Ta ce kwanakin nan wandunansa tsaf suke dawowa, ta yi ta murna, har ta ce wa Direba da alama an gama. Jiya ta je matsar da randar ruwa, sai ta ga ƙananan wanduna a rataye a wata ƙusa a bayanta, a wanke, ɗaya bai bushe ba. Da ya dawo makaranta ya shige banɗaki, ta laɓe tana leƙe. Ya cire wandon ya wanke da sabulu ya matse. Sannan ya ɗauki tsumma ya fara daga ƙurya, yana gogewa yana ja da baya, har ya zo bakin ƙofa, ya sunkuya ya goge inda ƙafarsa ta taka na ƙarshe. Ba wanda ya koya masa.

Da ya juyo ya gan ta bai tsorata ba, murmushi ya yi. Ya ce Mama, ai na goge, ba a gani. Ta tambaye shi kwana nawa yana haka, wane iri ne yake fitowa, da wari ko babu. Ya ce ya manta. Ta durƙusa a jiƙaƙƙen simintin ta riƙe kafaɗunsa tana roƙonsa, duk abin da ya fito ya bar shi yadda yake ya kira ta. Ya ce to. Ta ce irin "to" ɗin da ta ce mini ne ranar baho.

Tana ba ni labarin tana tsaye a bakin ƙofar hawa na biyu, a kan tsummanta, ɗakin yana ƙyalli a gabanta ba sawu ko ɗaya.

"Yaya, ta yaya zan koya masa ya bar ƙazanta a gani? Ni kaina ban iya ba."

Na karɓi bokitin daga hannunta na je na zubar da ruwan.